Ranar da Orval Ya Kai Layin Dogo Sirace

Orval Niemi bai taɓa kafa ƙusa ko ɗaya a layin dogo ba, babba ko ƙarami, amma idan ya buɗe baki kan maganar jirgin ƙasa sai ka rantse a cikin tarago aka yanke masa cibi. Tun da ya yi ritaya daga mahaƙar tama ya maƙale wa ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa na wasa ta garinmu, can arewacin Minnesota, wadda ke taruwa a ɗakin ƙasa na coci. A nan suke da dogon teburinsu da ya kewaye ɗakin, da duwatsun takarda, da gadoji, da 'yan shanun roba, da jiragen da kansu bai fi tsawon cokali ba. Duk dattawa ne masu furfura, amma a kan dogon da faɗinsa bai kai ɗan yatsa ba suna iya yin gaba har shekara ta zagayo.

Saura gurbi ɗaya layin ya haɗe ya zama zobe, falanki guda mai tsawon ƙyauren ɗaki. Al'adar ƙungiyar kuwa, duk wanda ya ƙetarar da jirgin farko ta sabon gurbi ranar buɗewa, sunansa ake liƙa wa tashar da ke wurin. Kowa yana da tasha. Bernice Paciotti, shugabar ƙungiya, tana da tata. Har wani da ya daɗe da rasuwa yana da tasa, ana share mata ƙura duk mako. Orval kaɗai ne ba shi da ita, kuma abin yana ci masa rai ƙwarai, ko da yake ba zai taɓa yarda ya faɗa ba. Shi ya sa da aka tambayi wanda zai ɗauki gurbin ƙarshe, ya zabura ya miƙe har kujerarsa ta kife.

"Ni! Kuma ba irin dogon kantin nan da kuke saye a kwali ba. Da hannu zan shimfiɗa shi, sanda bayan sanda, ƙusa bayan ƙusa."

"Da wane hannun?" in ji Rudy Zalar, ƙanin matarsa, wanda tun ranar biki yake tsokanar Orval bai taɓa hutawa ba. "Wanda ya gyara wa Yaya famfo har ruwa ya dinga fitowa ta makunnin fitila?"

"Wannan laifin famfon ne."

Bernice ta buga kofinta a tebur. "Tambaya ɗaya, Orval. Yaushe za ka zuba tsakuwa?"

Tambayar nan ce ta raba ƙungiyar gida biyu. Rabi sun ce ka manna 'yan sandunan katakon da dogo ke kwanciya a kansu, ka zuba tsakuwa a tsakaninsu, ka bari gam ya bushe, sannan ka ɗora ƙarfe. Sauran rabin sun ce haukan banza, ka fara ɗora ƙarfe, ka bar jirgi ya yi ta bi har ka tabbatar ba inda ya karkace, sannan tsakuwa ta zo a ƙarshe, don da zarar gam ya kama babu sauran gyara. Ko wajen shan kofi ɓangarorin nan biyu ba sa zama gefe ɗaya. Yanzu duk sun zuba wa Orval ido su ga wa zai bi.

Orval ya gyara wuyan rigarsa. "Kafin, bayan, kafin, bayan, sai ka ce masu shan magani! Duk ɓata lokaci kuke yi. Ni a tare zan yi. Sanda, ƙarfe, tsakuwa, gam, zama ɗaya na tashi. Kuma tsakuwata ba ta cikin leda ba ce. Garin nan a kan tama yake zaune, amma ba kunya kuke sayen niƙaƙƙen ɓawo da aka rina. Ni tama ta gaske zan zuba."

"Tama?" Rudy ya ajiye kofinsa. "Mijin Yaya, ka kuwa san abin da ke cikin kan jirgi?"

"Na dai san abin da babu a cikin naka kan."

Aka kwashe da dariya, Orval kuma ya ɗauki dariyar a matsayin ƙuri'a. Rudy ya buɗe baki zai ƙara magana, sai ya fasa, ya harɗe ƙafa ya jingina, yana murmushin mugunta.

Washegari Orval ya tuƙa a-kori-kurarsa zuwa tsohon jujin mahaƙa da ke bayan gari, ya tono tama cikin bokiti daga ƙarƙashin dusar ƙanƙara. A gareji ya sa mata guduma. Bugun farko ɓarɓashi ya tashi ya fasa gilashin taga. Bugu na biyu ya sami babban yatsansa, ya yi rawa a ƙafa ɗaya yana kiran sunayen da ba a faɗa kusa da coci. Da ya ga guduma ba za ta ba shi laushin da yake so ba, sai ya leƙa kicin ya ga matarsa Darlene ta fita kasuwa, ya sungumi injinta na niƙa kofi. Injin ya yi ƙara, ya yi tari, ya yi hayaƙi, amma ya niƙa. Orval ya hure shi ya mayar inda yake, har da juya hannunsa yadda ta saba ajiyewa.

Da yamma Darlene ta kurɓi kofi ta tsaya cak.

"Orval, me ya sa kofin nan yake ƙas-ƙas a haƙori?"

"Ƙas-ƙas? Ni ban ji ba."

"Kuma ja ne."

"To ai ƙarfe yana ƙara jini, Darlene. Je ki tambayi likita."

Ta dube shi, ta dubi injin, ta zubar da kofin a wurin wanke-wanke.

Ranar babban aiki Orval ya ɗora falanki a kan buhunan gishiri, ya jera sanduna, ya miƙa ƙarafa biyu a kai, har da mararrabar da jirgi ke sauya layi, ya barbaɗa tamarsa son ransa. 'Yan ƙungiya sukan dama gam da ruwa su ɗiga sabulun wanke-wanke ɗigo ɗaya don ya ratsa tsakuwa. Orval ya ce in ɗigo ɗaya yana da amfani, to rabin kwalba fa? Ya tuttula ya girgiza ya kwarara. Nan da nan kumfa ta taso ta rufe layin gaba ɗaya, sanduna suka fara iyo, ƙarafan suka bi su. Ya shiga lalube cikin kumfa da filaya yana kafa ƙusoshin da ba su fi ƙwayar shinkafa ba, wasu a katako, wasu a tsakuwa, ɗaya a hannun rigarsa.

Ana cikin haka Rudy ya leƙo ta fasasshiyar taga.

"Sannu da aiki, Injiniya. Wanki kake yi wa dogon ko aski?"

"Matakin farko ne. Ba za ka gane ba."

"Mararrabar nan fa? Ka cika ta da gam. In ta ƙame da me za ta motsa?"

"Da umarnina. Kauce, kana tare mini haske."

Garejin ba shi da abin ɗumama ɗaki, sanyin ƙasarmu kuwa ba ya wasa. Kashegari da safe Orval ya ƙwanƙwasa layin ya ji shi tauri ƙam. Murna ta kama shi, ya buga wa Rudy waya ya ce ya zo yanzu-yanzu ya ga aikin maza. Rudy ya zo da kofinsa mai tururi, ya zagaya falankin, ya gyaɗa kai, sannan ya ɗora kofin a tsakiyar tsakuwa suka ci gaba da hira. Da ya ɗaga, sai ga ɗan tafki fari mai kumfa a gurbin gindin kofin.

"Mijin Yaya, wannan ba bushewa ya yi ba. Daskarewa ya yi."

"Duk ɗaya ne."

"Ɗaya ne har a shiga da shi ɗakin coci mai ɗumi. Jibi fa ake buɗewa. Ka zo da bokiti da tsumma."

Hankalin Orval ya tashi, gumi ya karyo masa cikin wannan sanyi. Ya hango tasharsa tana narkewa tana bin ƙafar tebur a gaban jama'a. Amma jikan mutanen Finland ne shi, kuma a wurinsu ba cutar da sirace ba ya magani. A bayan gidansa akwai ɗakin sirace na katako wanda kakansa ya gina, da murhu da duwatsu a kai. Ya hura wuta har duwatsun suka yi ja, ya ɗaura tawul, ya rungumi layin dogonsa ya shige da shi, ya kwantar da shi a benci na sama inda manyan baƙi ke zama.

Da ya tsaya nan, da wataƙila an tsira da wani abu. To amma ba a haifi ɗan gidan Niemi da zai zauna gaban duwatsu masu zafi da ludayi a kusa ya ƙi watsa ruwa ba. Hannunsa ne ya yi, shi bai ma sani ba. Tururi ya tashi fuu. Ya ji daɗi, ya ƙara. Falanki ya sha tururi ya fara miƙa, tsakiyarsa ta ɗago ta yi doro. Sanduna suka kumbura. Ƙarfe ɗaya ya ce "tiin", ƙusoshi suka fara tsalle suna harbinsa a tumbi.

"Kwanta! Na ce kwanta!"

Darlene ta ƙwanƙwasa ƙofa daga waje. "Da wa kake faɗa a ciki?"

"Da layina!"

"To in kun gama ku fito, miya tana hucewa. Shi ma in zuba masa?"

Orval ya tuna abin da ake yi bayan sirace, mutum ya fita ya faɗa cikin dusar ƙanƙara jikinsa ya miƙe garau. Abin da ya miƙar da mutum ai zai miƙar da katako. Ya banko ƙofa, ja-wur da shi, tawul a ƙugu, falanki a ka, ya ruga ya cusa shi cikin tarin dusa. Sai ji aka yi ƙaras, ƙaras, ƙaras. Tsakuwar ta tsattsage ta ko'ina. Maƙwabta da suka fito sharar hanya suka jingina da shebur ɗinsu a bakin shinge. Wani dattijo ya ɗaga murya ya tambaya ko jirgin yamma zai makara, don yana da baƙi. Orval ya so ya ba shi amsa, amma hannu ɗaya ne ya rage masa, kuma tawul na bukatarsa.

Ya kife falankin a gareji, ya kwaso duk naman barewar da ke cikin firiza ya jibga a kai. Doron ya ragu, amma bai tafi ba. Orval ya ce ba komai, ƙasar Allah ma ba a shimfiɗe take ba, tudu ne ya yi da gangan. Ya maida ƙarfen da ya ɓalle, ya buga sababbin ƙusoshi. Tsagogin kuwa ya bi su da busasshen garin tama ya cike, ba gam ba ruwa, ya share da burushi. Gaskiya a faɗe ta, abin ya yi kyau. Ja ne mai duhu, yana walƙiya in haske ya taɓa shi. Gwadawa da jirgi kuwa bai yi ba, ya ce gwaji na masu shakka ne.

Ranar buɗewa ɗakin ƙasa ya cika maƙil. Iyaye da yara, fasto da tabaransa, mata sun jera kek da naɗaɗɗen burodin gyaɗa, Darlene tana zagayawa da tire. Mutum uku suka danne falankin Orval, aka ɗaure shi da ƙusoshi masu zare har doron ya kwanta dole. Jama'a suka yi ta yaba launin tsakuwa. Har Rudy ya sosa ƙeya ya ce, "Kyau kam ya yi kyau." Orval ya ji kansa ya kusa taɓa rufi.

Bernice ta fito da kan jirgin da ƙungiya ta fi ji da shi, baƙi mai sheƙi, wanda aka sa wa 'yar lasifika a ciki yana kuka irin na jirgin gaske. Ta jona masa taragu, ta miƙa wa Orval akwatin tuƙi. Ya gyara hularsa mai ratsi-ratsi ya yi gyaran murya.

"Jama'a, yau za ku ga ƙarshen gardamar kafin da bayan. Daga yau sai a ce hanyar Niemi. Yara, ku matso ku gani, wata rana za ku ba jikokinku labari."

"Za su bayar kam," in ji Rudy.

Jirgi ya tashi da kuka mai daɗi, ya ratsa gada, ya zagayo duwatsu, ya sa ƙafa a layin Orval. Abin da Rudy ya so faɗa tun ranar farko shi ne, injin kan jirgi da lasifikarsa duk maganaɗisu ne a ciki. Garin tamar da ba a manne ba ya ji kira, ya miƙe tsaye, ya dinga tsalle yana liƙewa a cikin jirgin. Kafin a yi taku ɗaya kan jirgi ya tsiro gemu.

"Mama, jirgin ya yi gashi!" wata yarinya ta ƙwala ihu.

"Ƙura ce ta hanya," in ji Orval. "Jirgin gaske ma yana yi."

Ya danna kuka don ya ɗauke hankalin mutane. Lasifikar da ta cika da tama ta ce "kwaak". Ya sake dannawa. "Kwaak, frrr." Yara suka zube ƙasa don dariya, fasto ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Jirgi ya iso gindin tudu yana nishi, tartsatsi na fita ta ƙarƙashinsa, ya hau rabi ya tsaya.

"Rage wuta, Orval!" in ji Bernice.

"Ƙarawa ake yi a hawa!"

Ya murɗa har ƙarshe. Ƙafafun jirgi suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna feshin jan gari a tabaran fasto da kan kek. Can ya sami riƙo ya zabura ya haye tudun, ya gangaro da gudu zuwa mararraba, wadda gam ya ƙame ta a tsakiya, ba dama ba hagu. Kan jirgi ya zaɓi dama. Tarago na farko ya zaɓi hagu. Sauran suka rasa wanda za su bi, suka hau kan juna.

"Kada kowa ya taɓa! Ina sane!"

Orval ya yar da akwatin tuƙi ya kifa tumbinsa a gefen falanki zai kamo taragu. Abin da falankin yake jira ke nan. Ƙusa mai zare ta ɓalle, doro ya dawo da ƙarfinsa, ɓam! Shanun roba suka tashi sama, ɗaya ta sauka cikin kofin Bernice. Tsakuwa ta yi ruwa a kan jama'a. Hular Orval ta tafi nata wuri. Kan jirgin ƙungiya kuwa ya yi tsalle ya nufi bakin tebur, siminti na jiransa a ƙasa, duk ɗakin ya ja numfashi.

Darlene tana wucewa da tire a hannun hagu. Ta miƙa na dama ta cafe shi a iska. Ta dube shi, ta tsuke baki, ta tsige masa gemu da gefen rigar girkinta, ta hure cikinsa, ta tsallake layin mijinta gaba ɗaya ta dire shi a dogon da ke ɗaya gefen. Jirgi ya yi tari sau biyu, ya ce "kwaak", ya ci gaba da tafiya yana ɗingishi har ya zagaye ɗakin. Tafi ya ɓarke har da fito.

Bernice ta tsamo saniya daga kofinta ta ajiye, ta buga tebur.

"Doka ba ta ce wanda ya shimfiɗa ba. Cewa ta yi wanda ya ƙetarar da jirgin farko. Kowa ya ga wadda ta ƙetarar. Tasha ta Darlene ce."

Orval ya ɗago daga kan falanki, rigarsa ta yi ja, ƙwalla ta cika masa ido. Shekara da shekaru yana jiran ranar nan, ga ta ta zo ta wuce ta gefensa da tiren kek a hannu. Sai kuma fuskarsa ta washe farat ɗaya.

"Tsaya! Ai ita ma Niemi ce! Matata ce! Kun gani? Duk tsarin ke nan tun farko!"

Ya cusa hannu a aljihun ƙirji ya zaro ɗan allo mai girman akwatin ashana, fari tas, an rubuta NIEMI da baƙin fenti, harafi bayan harafi, ba karkata ko kaɗan. Shi kaɗai ne abin da ya yi daidai a duk aikin nan. Ya miƙa mata.

"Ungo, Darlene, uwargida sarautar mata. Liƙa kawai za ki yi."

"Kada ki yarda, Yaya!" Rudy ya kutso. "Zalar za a sa! Sunan Baba! Da shi aka haife ki!"

"Niemi! Da shi kike karɓar wasiƙa!"

"Zalar!"

Darlene ta dubi mijinta, ta dubi ƙaninta. Ta miƙa wa fasto tire ya riƙe mata, ta karɓi allon ta jujjuya shi.

"Katakon mai kyau ne," ta ce. "Bai kamata a yi asararsa ba. Bernice, ara mini alƙalaminki."

Ta kifa shi, ta rubuta DARLENE a bayansa da manyan baƙaƙe, ta dangwali gam ta manna shi a goshin tasha. Rudy ya ce wannan cin amanar zuri'a ne. Orval kuwa ya ɗauki tsintsiya ya shiga share tsakuwa daga ƙasa.

An cire falankinsa an shimfiɗa sabo, kuma har yau ba a daidaita kan kafin ko bayan ba. Amma in ka je ɗakin ƙasan nan ranar da ake buɗe wa baƙi, wani dattijo zai riƙo hannun rigarka ya ja ka zuwa tashar Darlene. Zai ce ka durƙusa, ka manna kumatunka da bango, ka rufe ido ɗaya. Sannan ya zura ɗan madubin likitan haƙori ta tagar tashar, ya haska ɗaya fuskar allon da tocila.

"Ka gani? Niemi. Ta ciki aka sa nawa, don kada rana ta ci fentin."